Ranar da Idon Tela Ya Ƙafe

"...Gajiya ta bi lafiya. Ya aiki? Ya zafi? Ya kuma hawaye?"

Tela bai ɗago ba. Ko bai duba ba ya san mai muryar, don kaf layin ba mai yin gaisuwa a shago ɗaya a amsa masa a shago na huɗu sai 'yar kawunsa, wadda tun tana yarinya aka laƙaba wa Lasifika. Ubanta da uwarsa ciki ɗaya suka fito, wato taubasai ne na ainihi, kuma tun suna rarrafe ba a taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗaya magana mai daɗi ba, sai dai bisa kuskure.

"Aiki da godiya," ya ce, yana taka keken ɗinki. "Hawaye kuwa sai ki tambayi mijinki, shi da yake buɗe ido kullum safiya ya ga fuskarki."

"Shi ai na farin ciki yake yi. Tashi ka ba ni wuri, ɗan mace. 'Yar namiji ta shigo kana zaune kamar an dasa ka."

"Ga benci can. Ki zauna a tsakiya, kar ya ɗaga."

Ta ture tulin yadi ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Shagon ba wani girma gare shi ba: keke biyu, teburin yanka, dutsen guga, fanka mai kuka, sai agogon bango da ya nuna biyu da minti biyar. A gaban Tela, jikin gwangwanin maɓallai, ga wayarsa a jingine. Wayar nan ita ta jawo komai.

Kwana uku ke nan matarsa, wadda ake ce wa Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta kawo masa abincin rana. Ta shigo ba ta ji ƙarar keke ba. Ta tarar da ƙaton mutum ya kifa kai a kan farin yadin mutane yana shessheƙa, hawaye da majina har gemu, wai wata yarinya ce ta mutu a cikin fim. To da ma wata biyu kafin nan an yi wa Malama aiki a ciki, aikin da likita da kansa ya ce sai addu'a, kuma duk kwanakin da ta yi a asibiti ko ja idon mutumin nan bai yi ba. Ta ajiye kwano a hankali, ta ce masa, "Ashe kana da su." Ba ta ƙara ko kalma ba. Kafin la'asar ta haɗa jaka ta koma gidan Lasifika.

"Ba zama na zo yi ba," in ji Lasifika. "Aiko ni aka yi. Katin asibiti da takardun likita. Ta ce suna wurinka."

Ƙafar Tela ta tsaya cak.

"Me za ta yi da su? Ai sai ranar Litinin za mu koma."

"Za ta koma dai, amma ba a nan ba. Motar ƙarfe uku za ta bi zuwa wurin iyayenta. Tikiti na hannunta, jaka na bakin ƙofa."

Da kaya kawai ta ɗauka, da ya ce fushi ne, zai huce. Amma wadda ta nemi katin asibiti, zama za ta je yi. Katin kuwa yana nan a aljihun gaban rigarsa, inda yake tun ranar da aka sallame su. Ya ji kamar ya ƙara nauyi.

"Ban san inda na sa shi ba."

"Ga shi can yana leƙowa daga aljihunka. Ƙarya ma ba ka iya ba, sai kuka."

"Wannan takardar awon mutane ce."

"Awon mutane da tambarin asibiti? Miƙo, Na-Goggo, kar in tashi. Ka san tun muna yara ni nake kayar da kai."

"Zama kike yi a kaina, ba kayarwa ba ce. Ko buhu aka ɗora wa mutum ai zai kwanta."

"To buhun zai taso."

"Ki bari in gama wannan layin."

Ya ci gaba da taka keke a hankali, kamar mai tsoron kar zare ya ji ciwo. Layin da yake ƙarewa cikin numfashi biyu, yau sai ga shi ya zama hanyar wani gari. Lasifika ta kalle shi, ta kalli agogo, ta kalli wayar.

"Wai tsaya in tambaye ka, tsakani da Allah. Mene ne daɗin abin? Mutum da lafiyarsa, ya cika waya da caji, ya nemi wuri ya zauna, don kawai a ɓata masa rai? Ni in zan kalli fim, a yi duka, a fasa gilashi, mota ta kama da wuta."

"Shi ya sa girkinki yake kama da hatsarin mota."

"Ka ci kwano uku ranar nan."

"Taimakon gaggawa na kai wa 'ya'yanki."

"Amsa min tambayata, sarkin hawaye. Me kake samu?"

"Ba za ki gane ba, zuciyarki da dutsen guga uwarsu ɗaya. Fim ɗin da aka yi aure a ƙarshe, kina kashe waya kin manta da shi. Wanda aka so juna aka rasa juna, shi ne yake bin mutum har gida."

"Ya bi ka har gida kam. Ya shiga ya fitar maka da mata."

Allura ta karye. Tela ya zauna yana kallon guntun. Ita ma Lasifika ta san wannan ta wuce inda ta nufa, sai ta kama gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Fanka ta yi ta kukanta. Biyu da kwata.

"A asibitin wa ya ba ni wuri?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa, yana kwance guntun allurar. "Je ka nemo jini. Je ka kemis. Wannan ba shi ba ne, koma. Zo ka sa hannu a nan. Da wane idon zan karanta rubutun likita in na cika shi da ruwa? Ana tura ta za a shiga da ita, ni take kallo. In ta ga fuskata a jiƙe ai ta san an gama. Shi ya sa na ce mata hular da aka sa mata ta mai da ita kamar mai gasa burodi."

"Ka ce mata me?"

"Don ta yi dariya."

"Ta yi?"

"Wata nas ta yi."

"Innalillahi. Goggo ta haifa mana aiki."

"A fim kuwa an riga an gama komai. Ba mai aikenka ko'ina. Yarinyar nan ko kekunan nan biyu na sayar ba zan tashe ta ba. Sai a sako maka kiɗan sarewa a hankali, wato an ce bismillah, ga wuri, zauna ka yi abinka. In na gama sai in ji wuyana ya saki, layi ya miƙe. A asibiti wa ya busa mini sarewa?"

"Da ka faɗa min ai da na zo da ita."

"Ke muryarki ma ta ishi marasa lafiya."

"Kafin aikin nan kana kallon irin waɗannan?"

"Ƙwallo nake kallo."

Lasifika ta yi shiru na ɗan lokaci, abin da masu shagunan layin za su iya rantsuwa ba su taɓa ji ba.

"To duk wannan ka faɗa mata?"

"Na je gidanki sau biyu, kina gani."

"Ina gani kam. Ka tsaya a bakin ƙofa kamar mai karanta mita, ka ce, 'Kin sha na rana?' Mace ta bar gidanka don ba ta ga zuciyarka ba, kai kana tambayar ƙwaya."

"In ba ta sha a kan lokaci ba jiri take yi."

"Ka ji! Wallahi da ni ce, da tun daga asibitin zan wuce."

"Da ke ce, da likitan ne zai gudu."

Ta miƙe tsaye, ta zagayo teburin yanka ta tsaya a kansa. Ya dafe aljihu.

"Sauke hannunka, ba ƙwacewa zan yi ba. Saurara, ba don kai zan yi ba. Matar nan kwana uku ta kwashe min gado, ta sauya wa kowace tukunya wuri, ta tsare 'ya'yana da karatu har sun fara kallona kamar ni na kawo musu annoba. Amma in ta hau motar nan, Goggo ni za ta tsine wa, ta ce a gidana aka ƙulla. Hawaye take so ta gani, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Kai kuma kana da famfo. Fim ɗin yana cikin wayar?"

"Yana nan."

"Wurin mutuwar minti nawa ne?"

"Shida da 'yan kai."

"Sau nawa ka kalla?"

Ya sosa ƙeya. "Goma sha ɗaya."

"Sau nawa ka yi kuka?"

"Goma sha ɗaya."

"Injin ba ya fashi ke nan. To kunna. Ka kalla, ka cika ido taf, kar ka goge. In tare tasi, mu rufe gilashi kar iska ta busar, minti goma muna gida. Ka tsaya a gabanta a jiƙe, ka rufe bakin nan naka, don shi ne matsalar. Sauran ka bar mini."

"Wannan ai yaudara ce."

"Hawayen naka ne ko na haya?"

"Nawa ne."

"Don wa kake yin su? Don 'yar fim ɗin da yanzu haka tana can tana cin abinci da ƙoshin lafiya?"

Ya kalli agogo, biyu da minti ashirin da biyu. Ya jawo wayar, ya ja fim ɗin zuwa can kusa da ƙarshe, wurin da yatsansa ya riga ya haddace. Lasifika ta jawo kujerar ɗaya keken ta zauna a gefensa, ta harɗe hannu.

"Wace ce wannan mai kama da tsinken tsintsiya?"

"Ita ce yarinyar. Tikiti take sayarwa a wurin jirgin ruwa. Shi kuma ɗan dako ne. Tun farkon fim akwai wani takalmi da take tsayawa tana kallo a shago, shi kuma yana so ya saya mata. To ya samu ya sayo, amma ciwo ya riga ya kwantar da ita, ba ta iya tashi."

"Ya mayar a ba shi wani abin mana. Wawa."

"Yi shiru."

Sarewa ta fara. Saurayin ya durƙusa ya sa mata takalmin tana kwance, ta kalli ƙafarta ta yi murmushi, ta ce ita dai ta so ta ji ƙararsa a ƙasa. Sai ya cire, ya zura hannuwansa a ciki, ya shiga tafiya da su a kan siminti, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga bakin gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, yana gaya mata inda ta kai: ga ki a bakin titi, ga ki kin tsallaka, ga ki a bakin ruwa. Ita kuma ta lumshe ido tana ji.

A nan ne kullum Tela yake ɓarkewa. Ya gyara zama, ya buɗe ido da kyau, ya jira.

Shiru.

Ya matso da fuska. Abin da ya gani shi ne kalmasar rigar yarinyar a karkace take, duk wanda ya ɗinka ta bai ja yadin daidai ba. Ya kori wannan tunani, wani ya shigo: motar ƙarfe uku kujerun baya ne suke saura, kuma hanyar nan duk ramuka ce, ga ɗinki a ciki. Ko ta sa maganin a jakar hannu, ko ta cusa shi cikin babbar da za a ɗaure a saman mota? Wa zai gaya wa likitan can cewa farar ƙwayar nan ba ta karɓe ta ba, an sauya mata? Ya mintsini cinyarsa. Ya kalli fanka bai ƙifta ba. Ya tuno rasuwar kakansu, ya tuno ranar da aka sace masa keke na farko. Ido ƙamas, kamar an shanya shi a rana.

Ƙwas, ƙwas, saurayin ya dawo bakin gado, ya ce mata sun iso gida. Ba ta amsa ba.

"Bai zo ba," in ji Tela. "Wallahi bai zo ba. Sau goma sha ɗaya, yau kuma da nake nema... Lasifika, ya zan yi?"

Ya juya. 'Yar namiji ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na tsalle, kwalli ya zubo mata layi biyu har haɓa.

"Ke!"

"Ƙurar... ƙurar zare ce."

"Ƙurar zare ce take sa shessheƙa?"

"Shagonka ne ƙazami! Wayyo, bai ma sani ba, yana ta tafiya da takalmi... Me ya sa ba wanda ya gaya masa? Ina 'yan'uwanta? Ina likita?"

"Ni aka ce in yi, ba ke ba!"

"To ka hana ni ne? Mugu! Ka san haka abin yake ka bar ni na zauna?"

Wayarta ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Ta lalubo ta kara a kunne ba ta ko duba ba. Daga inda yake Tela ya jiyo muryar Malama tana tambayar ina katin, lokaci na tafiya. Lasifika ta buɗe baki za ta yi magana, kuka ya riga ta fitowa.

"Ina... ina shagon... wayyo Allah..."

Kunya ta kama ta, ta katse, ta jefa wayar cikin jaka ta zuge. Wayar ta sake ƙara, ta danne jakar da hannu biyu kamar mai danne kaza.

"Ba zan ɗauka ba. Matar nan ta ji ni a haka, na shiga uku a dangi."

Biyu da minti talatin da biyar. Tela ya zaro katin daga aljihu, ya jawo takardun likita daga aljihun tebur, ya yagi takarda a littafin awo ya fara rubutu: ta safe guda ɗaya bayan abinci, ta rana rabi, farar an daina. Ya ninke ya haɗa, ya sa a leda ya ƙulle.

"Ungo. Kai mata. Ki ce ta roƙi direba ya ba ta gaba, ko wani ya yi mata musanya. Kar ta ɗaga jakar da kanta."

"Shi ke nan? Ka sallama?"

"In ta tafi ba katin ya fi muni. Tashi."

"In fita a haka? Layin nan kaf su ga Lasifika da ido kamar an yi mata hayaƙi? Mai gyaran waya ya gani? Mai wanki ya gani? Ai gara a ce sata na yi."

"Ki rufe fuska."

"Za su gane ni a tafiya."

"Za su gane ki a girgizar ƙasa. Tashi, don Allah, lokaci!"

"Ba ni ruwa in wanke."

Ya miƙa mata robar da yake yayyafa wa kaya in zai yi guga. Ta wanke, ta goge, ta ɗago, ta kalli wayar da take jingine, ta sake ɓarkewa.

"Har da cewa sun iso gida..."

"Wayyo ni! Kawu ya haifa mana asara. Kawo ledar, ni zan kai."

"Ta ce kar in zo da kai."

"Ba da ni za ki zo ba, ke zan bari. Ki tsare shago, kar ki jiƙa wa mutane kaya."

Ya fizgi ledar, ya zura takalmi, yana laluben makulli a cikin gwangwani, maɓallai suka watse a ƙasa. Uku saura kwata. Ko ya samu tasi a bakin ƙofa, da ƙyar ne. Ya juya zai fita, sai ga ƙarar birki a ƙofar shago.

Malama ce ta fito daga tasi, hannu ɗaya dafe da ciki, mayafi a ɗaya hannun ko yafawa ba ta yi ba, ba jaka ba komai. Ta ce wa direban, "Kar ka kashe, asibiti za mu!" Ta faɗo shagon, ta yi karo da Tela a bakin ƙofa, ta cafki hannuwansa tana juyawa.

"Ina ne? Almakashi ne? Wuta ce ta ja ka? Buɗe hannun in gani. Kana ganina sosai? Ɗaga wannan. Ɗaga ɗayan. Faɗuwa ka yi?"

"Lafiyata ƙalau."

"Kar ka ce min ƙalau, kai ko kanka ya fita ƙalau za ka ce! Na kira ƙaninka ya same mu a can." Ta leƙa ta bayansa. "Ke, me ya same shi? Tunda nake ban taɓa jin kukanki ba. Yi magana!"

Lasifika ta nuna wayar da yatsa, kanta a ƙasa. Fim ɗin ya tsaya a kan takalmi biyu a gefen gado.

Malama ta kalli wayar. Ta kalli Lasifika. Ta saki hannun mijinta a hankali, kamar yadda ta ajiye kwanon nan kwana uku da suka wuce, kuma Tela ya gwammace da ihu ta yi.

"Fim," ta ce. "Ke ma."

"Wallahi sharrin ɗan mace ne..."

"Na sauko bene da gudu da ɗinki a cikina. Na tsaya a tsakiyar titi na tare mota. Saboda fim." Ta miƙa hannu. "Ba ni katina."

Tela ya miƙa ledar. Ta kama gefe ɗaya, shi kuma yatsunsa suka ƙi sakin ɗaya gefen. A waje direba ya danna hon.

Lasifika ta ja majina, ta taso ta zagayo, ta leƙa fuskar Malama kamar mai duba gyaran gira.

"Tsaya, matarmu. Ɗago in ga idonki."

"Ki bar ni, ba wasa nake ba."

"Ni ma na gama wasa, duba fuskata. Da kika ji ni a waya, me kika zata?"

"Na zata ya mutu, ko yana hanya! Me zan zata?"

"To ina hawayen?"

"Wane hawaye?"

"Mijinki ya mutu ko yana hanya. Ido ƙamas, ko kwalli bai motsa ba. Ni da ba abin da ya haɗa ni da mai takalmi, kin ga yadda na koma."

"Ina na ga lokacin kuka? Ina neman mota, ina kiran ƙaninsa, ina tunanin wane asibiti ya fi kusa, in na tsaya kuka wa zai..."

Ta tsaya. Maganar ta rataye a nan, ba wanda ya ƙarasa mata. Ta kalli ledar da suke riƙe su biyu, ta ga takardar littafin awo ta cikin ledar, da rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaza: farar an daina. Fanka na kuka. Agogo ya nuna uku saura minti bakwai.

Direba ya leƙo da kai ta taga. "Hajiya, asibitin ne ko an fasa?"

Malama ba ta juya ba.

"In aka taka, za a samu motar ƙarfe uku?" ta tambaya.

"Daga nan? In Allah ya so, in ba a tsaya ɗaukar kaya ba."

Ta kalli agogo. Sannan ta saki ledar, ta zauna a kan benci a hankali tana dafe da ciki.

"Sallame shi," ta ce wa Tela. "Ka kira ƙaninka kuma, kar ya je yana neman gawa. Kuma kar ka ɗauka an gama. Mai gasa burodi, ko? Za mu yi maganar a gida."

Tela ya fita ya sallami direba, ya kira ƙaninsa, ya dawo. Ya mai da ledar cikin aljihun tebur ya rufe. Ya duba ko akwai sauran abin yi: ba mota, ba kati, ba wanda zai aike shi ko'ina. Ga matarsa zaune a kan bencinsa tana gyara mayafi. Ya sunkuya zai tsince maɓallan da suka watse, ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki na biyu, na ukun ya gagara ganuwa. Sai ƙaton mutum ya zauna daɓas a ƙasa, abin ya ɓalle masa kamar an fasa tanki.

"Sai yanzu?" in ji Malama. Muryar ta so ta yi faɗa, amma ba ta samu ƙarfin ba. "Sai yanzu da mota ta tashi?"

"Ba... ba ni nake sa masa lokaci ba."

"Jama'a ku zo ku gani!" in ji Lasifika. "Ba sarewa, ba takalmi!"

"Ke har kina da baki?" ya ce, yana jan hanci. "'Yar namiji. Mai son a fasa gilashi. Bari in leƙa in kira mai gyaran waya da mai wanki, su zo su ga ƙurar zare."

"Kar ka soma!"

"Zan faɗa wa Kawu. Zan faɗa a gaban 'ya'yanki. Ranar da duk dangi suka taru, zan sa takalmi a hannu in zagaya ki."

Lasifika ta buɗe baki, ta nemi abin faɗa sama da ƙasa, ta rasa. Dariya ta ƙwace mata ta hanci, da sauran kuka a ciki, har Malama ta kau da kai tana danne tata.

"To na ji, ka ci wannan, Na-Goggo. Na janye. Abin da daɗi, Allah ya isa." Ta zaro wayarta ta miƙa masa a ɓoye, kamar mai ba da abin kunya. "Tura min. Daga farko nake so, in ga inda suka haɗu."

Tela ya miƙe, ya ɗauki almakashi, ya jawo ragowar wani yadi mai laushi, ya auna daga hancinsa zuwa ƙarshen hannu ya yanke, ya ɗora mata a kafaɗa.

"Wannan fa na mene ne?"

"Awa biyu da rabi ne fim ɗin," ya ce. "Hankici ba zai ishe ki ba."